Me ya sa Turawan Ingila ke jan ƙafa a kan ranar waliyyinsu?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a Ingila ya rubuto yana cewa: "A watan Maris na ga garin da nake ya koma kore, ana ta shagali saboda ranar waliyyin Ayalan. Da 23 ga Afrilu ta zo, wadda aka ce ita ce ranar waliyyin Ingila, kowa ya tafi aikinsa, ko a makaranta ba wanda ya ambace ta. Na tambayi abokan karatuna, wani ya yi dariya, wani ya ɓata rai ya ce hana su aka yi, wata kuma ta ce ita tutar ma tsoro take ba ta. Mene ne gaskiyar lamarin? Kuma ni da nake baƙo, Musulmi, in na ga tutar a ƙofar gidan wani, yaya zan ɗauke ta?"

Amsa:

Ɗan'uwa, duk su ukun gaskiya suka faɗa maka, kowa daga inda yake tsaye. Wanda ya yi dariya shi ya fi yawan 'yan'uwa a ƙasar, don galibin mutanen Ingila ranar ba ta dame su ba, wasu ma sai sun buɗe Google sun ga hoton barde da dodo suke tunawa. Wanda ya ce an hana su, babu dokar da ta hana, amma haushin da yake ji yana da tushe. Ita kuma mai jin tsoro ba sharri take yi wa tutar Ingila, fara mai jan gicciye, ba, akwai abin da ta gani. Waliyyin kansa, wato Joj (Saint George), ba shi ake wa rigima ba, kuma da wuya ka sami ɗaya daga cikin ukun da zai iya ba ka tarihinsa na minti biyu. Ingila ake wa rigima: mece ce ita idan aka zare ta daga cikin Birtaniya, kuma wa ke da hurumin cewa shi ɗanta ne.

Abin da aka sani game da mutumin ba shi da yawa. Ruwayar coci ta ce Joj soja ne a rundunar Rumawa, asalin mahaifinsa daga Kafadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, aka kashe shi wajen shekara ta 303 a zamanin Sarki Diocletian saboda ya ƙi barin addinin Kirista. Kabarin da ake jingina masa yana Lidda, garin da ake kira Lod yanzu. Bai taɓa taka Ingila ba. Labarin dodon da ya soke da mashi ya ceci 'yar sarki ƙari ne da ya zo bayan ɗaruruwan shekaru, ya bazu a Turai a ƙarni na 13.

Kafin shi Ingila tana da waliyyanta na gida. Akwai Edmund, sarkin gabashin ƙasar da mahara 'yan Viking suka kashe a 869, da kuma Sarki Edward mai zuhudu wanda kabarinsa ke cocin Westminster. Yaƙi ne ya kawo Joj. Mayaƙan Salibiyya sun dawo daga gabas da labarin cewa ya bayyana ya taimake su a Antakiya a 1098, sai ya zama waliyyin barade. Sarki Edward na 3 ya kafa ƙungiyar baraden fada a 1348 ya sa ta a ƙarƙashin sunansa, har yau cocin da ke fadar Windsor, inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta 2, sunansa yake ɗauke da shi. Jim kaɗan bayan nasarar da Sarki Henry na 5 ya yi a kan Faransa a Agincourt a 1415, babban limamin Canterbury ya ɗaga ranar ta shiga sahun manyan bukukuwan shekara. Wannan shi ne ganiyarta. Da Ingila ta ɓalle daga cocin Roma a 1534, sabuwar aƙidar ta ɗauki kamun ƙafa da waliyyai a matsayin bidi'a, kuma a 1552 aka zaftare yawancin ranakun waliyyai daga jerin ranakun hutu, har da tasa. Wato an fi shekara 450 rabon da talakan Ingila ya ajiye aiki saboda Joj. Duk wanda ya gaya maka wata tsohuwar al'ada ce da baƙi suka zo jiya suka kashe, bai karanta tarihin ƙasarsa ba.

Amma addini rabin bayanin ne kawai, don Sikotlan ta fi Ingila tsanani wajen ƙin waliyyai, kuma ga shi ranar waliyyinta Andarawus, 30 ga Nuwamba, ta zama ranar hutu a can tun 2007. Babban dalilin siyasa ne. A 1606 aka haɗa jan gicciyen Joj da farin gicciyen Andarawus aka yi tuta ɗaya, wato tutar haɗaka, a 1707 Ingila da Sikotlan suka zama ƙasa ɗaya da majalisa ɗaya a Landan, a 1801 aka shigo da Ayalan. A cikin wannan haɗaka Ingila ce babba nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2021 ta ba ta mutum miliyan 56 da rabi daga cikin kusan miliyan 67, wato kashi 84 cikin 100. Ka duba babban wa a gidan gandu. Ƙannensa kowa yana da gayaunarsa, yana ji da ita, yana kewaye ta, don ita ce abin da zai nuna ya ce nasa ne. Shi kuwa babban bai damu da gayauna ba, tunda gandun gaba ɗaya yake gani nasa. Haka Ingila ta yi shekara 300. Majalisar Birtaniya ita ce majalisarta, taken Birtaniya shi ne takenta, tutar haɗaka ita ce tutarta, daular da ta mamaye duniya ita ce abin alfaharinta. Kuma masu mulki sun san cewa yawan buga ƙirji da sunan Ingila zai tunzura 'yan Sikotlan da Wales, waɗanda ake buƙata a soja da ofisoshin mulkin mallaka, don haka da gangan aka yi ƙasa-ƙasa da shi. Ranar da aka zuba wa ƙarfi ita ce Ranar Daula, 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Victoria, wadda dattawanmu da suka yi makarantar Midil a Arewa suka yi wa fareti da guje-guje kamar yadda yaran Manchester suka yi. A 1958 aka sauya mata suna zuwa Ranar Kwamanwel, ta shiga dusashewa tare da daular.

Shi ya sa kwatanta ranar Joj da ranar Patrik, waliyyin Ayalan, ba adalci ba ne. Wannan biki na mutanen da aka mulka ne kuma aka tarwatsa. Yunwar da ta faɗa wa Ayalan daga 1845 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗaya zuwa Amurka da Ingila da sauran wurare. A ƙasar baƙunta, inda ake raina su, fareti a ranar 17 ga Maris hanya ce ta cewa muna nan kuma muna da yawa. A New York an fara tun 1762. A gida kuma ranar ta zama hutun hukuma a 1903. Daga baya kamfanonin giya da hukumar yawon buɗe ido suka gane akwai kuɗi a ciki, suka mayar da ita hajar da ake sayarwa a duniya. Koren da ka gani a watan Maris, mafi yawan masu sanye da shi Turawan Ingila ne da ba su da ko kaka a Ayalan, sun sami dalilin shan giya ne wanda ba wanda zai tuhume su da wata manufa. (Af, Katolikan Najeriya ma Patrik ne waliyyin ƙasarsu tun 1961, albarkacin limaman mishan 'yan Ayalan da suka yi aiki a nan.) Ingila ba ta da wata rana da ta karɓi 'yanci daga hannun kowa. Ita ce ma sauran ƙasashe ke bikin rabuwa da ita.

Tutar Joj ta dawo ne ta filin ƙwallo. In ka kalli hotunan wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 a Wembley, tutar haɗaka ce ta cika filin, ko da yake Ingila ce ke buga wasa ba Birtaniya ba. Shekara 30 bayan nan, a gasar Turai ta 1996, ƙuri'a ta haɗa Ingila da Sikotlan a rukuni ɗaya. Ba ta yiwuwa ka ɗaga tutar da ke ɗauke da gicciyen abokin karawarka, sai filin ya koma fari da ja. Shekara ta gaba gwamnatin Tony Blair ta yi ƙuri'ar raba gardama a Sikotlan da Wales, a 1999 kowacce ta sami majalisarta. Ingila kaɗai aka bari ba ta da tata. Ɗan majalisa daga Glasgow zai iya kaɗa ƙuri'a a majalisar Birtaniya da ke Westminster kan kuɗin makarantar ɗalibin Ingila, amma ɗan majalisa daga Leeds ba shi da ta cewa kan na Sikotlan, inda 'yan ƙasa ba sa biyan kuɗin jami'a. An gwada wani tsari a 2015 na ba 'yan majalisar Ingila damar tace dokokin da suka shafe su kaɗai, aka soke shi a 2021. A nan ne haushin abokinka na biyu ya samo asali. Yana ganin ana yaba wa ɗan Wales idan ya ɗaga tutarsa, ana ce masa mai kishin al'ada, shi kuwa in ya ɗaga tasa sai a fara kallonsa a kaikaice.

To me ya jawo kallon kaikaicen? A shekarun 1970 ƙungiyar National Front, mai neman a kori baƙaƙen fata da 'yan Asiya, ta riƙa maci a unguwannin baƙi. Ita tutar haɗaka ta fi amfani da ita, amma ta bar wa mutane darasin cewa gungun fararen samari da tuta alamar a rufe shago ce. 'Yan dabar ƙwallo suka ɗora a kai. Sannan a 2009 aka kafa English Defence League a garin Luton, wadda ta ce tsattsauran ra'ayin Islama take yaƙa amma ta yi ƙaurin suna da ƙin Musulunci, ta ɗauki jan gicciyen ta mai da shi tambarinta, wasu mabiyanta har da shigar mayaƙan Salibiyya. A bazarar 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport da ƙaryar da aka yaɗa cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, waɗanda suka jefi masallacin garin da waɗanda suka yi yunƙurin ƙona otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, da yawansu lulluɓe suke da tutar nan. A 2025 kuma aka wayi gari an ɗaure ta a turakun fitilun titi a Birmingham da wasu garuruwa, ana shafa jan gicciye a kan ƙananan shataletale. Masu yi suka ce kishin ƙasa ne, maƙwabtansu da yawa suka ce shata iyaka ce. Da ƙananan hukumomi suka fara cirewa, suna cewa turakun kayan gwamnati ne kuma akwai haɗari, sai aka ce to ga shi nan, dama mun faɗa an hana mu. Doka dai ba ta sauya ba: kowa na iya kafa tutar a gidansa ba tare da neman izini ba.

Akwai wani sashe na lamarin da baƙo ba ya saurin ganewa, kuma a ganina ya fi batun launin fata zurfi, wato bambancin aji. A Ingila ɗan boko mai digiri, mazaunin babban birni, tun yana yaro ake koya masa cewa nuna zumuɗi a bainar jama'a ƙauyanci ne, kishin ƙasa kuma abu ne da ake yi cikin raha da shaguɓe. Rataya tuta a taga, a wurinsa, aikin masu aikin ƙarfi ne. Ba ya faɗa da baki, amma wanda ake rainawa ya sani. Misalin da ya fi fito da wannan ya faru a Nuwamba 2014, lokacin zaɓen cike gurbi a Rochester. Emily Thornberry, 'yar majalisar Leba daga wata unguwar masu hali a Landan, ta ɗauki hoton wani gida mai tutocin Ingila uku da farar motar ɗaukar kaya a ƙofa, ta saka a Twitter da ɗan rubutun cewa hoto ne daga Rochester. Ba ta zagi kowa ba. Kafin gari ya waye ta sauka daga muƙaminta a majalisar ministocin 'yan adawa, don kowa a ƙasar ya karanta abin da ba ta rubuta ba. Jam'iyyar da aka kafa domin 'yan ƙwadago ta nuna tana ƙyamar gidan ɗan ƙwadago. Shekara biyu bayan nan Ingila ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai da kashi 53, Sikotlan ta zaɓi zama da kashi 62, kuma bincike ya nuna waɗanda ke kiran kansu 'yan Ingila fiye da 'yan Birtaniya su ne suka fi rinjaya wajen ficewa. Tun daga nan 'yan siyasa suka shiga taitayinsu. A Maris 2024, da kamfanin Nike ya sauya launin ɗan gicciyen da ke bayan wuyan rigar 'yan ƙwallon ƙasar ya sa masa shuɗi da shunayya, Firaminista Rishi Sunak da jagoran adawa Keir Starmer rige-rigen yin tir suka yi.

Alƙaluma sun nuna rabuwar har a tsakanin tsara. Ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya yi wa BBC a 2018 ta gano kashi 72 na waɗanda suka haura shekara 65 suna alfahari da zama 'yan Ingila, amma a tsakanin matasa 'yan 18 zuwa 24 kashi 45 ne. Abokan karatunka suna cikin rukuni na biyu, don haka abin da ka ji a jami'a ba shi za ka ji a ƙaramin gari na bakin teku ba. Sai dai a yi hattara da irin waɗannan lambobi. A ƙidayar 2011 a Ingila da Wales, kusan kashi 58 suka ce su 'yan Ingila ne kawai, kashi 19 suka ce 'yan Birtaniya ne kawai. A ta 2021 abin ya juye: kashi 15 da kashi 54. Ba wani juyin juya hali aka yi ba. A takardar Ingila an sauya jerin zaɓin ne, aka ɗora Birtaniya a sama, mutane suka yi maki a akwatin farko da suka gani, kuma hukumar ƙididdigar da kanta ta ja hankali a kan haka. Ni wannan ya fi kowace ƙuri'a gaya mini gaskiya. Miliyoyin mutane ba su bambance biyun a ransu ba, to yaya za su fito titi saboda ɗaya daga ciki?

Ga kuma waɗanda garinsu ya fi ƙasar a zuciyarsu. In kana bin Liverpool ka san magoya bayanta suna yi wa taken ƙasa ihu, sun yi a Wembley a 2022, sun sake yi a Anfield ranar naɗin Sarki Charles a 2023, saboda tsohon ƙullin da ke tsakanin birnin da gwamnatin Landan tun zamanin Firaminista Thatcher da bala'in Hillsborough, turmutsitsin filin ƙwallon da ya kashe magoya bayan kulob ɗin. Mutanen Cornwall suna da nasu waliyyin, Piran, da tutarsu baƙa mai farin gicciye, suna biki ranar 5 ga Maris. Yorkshire na da ranarta 1 ga Agusta.

Yanzu tambayarka ta biyu. Gaskiya ne jan gicciyen yana da tarihin Salibiyya, kuma wasu masu ɗaga shi abin da suke nufi ke nan. Amma shi mutumin ya rasu kusan shekara 270 kafin haihuwar Annabi (SAW), ba ruwansa da yaƙin da aka yi da sunansa. Littattafan tarihin Musulunci sun san shi da sunan Jirjis. Ɗabari ya kawo ƙissarsa a matsayin mumini daga Falasɗinu da ya tsaya gaban azzalumin sarkin Mosul aka yi ta azabtar da shi, kuma a Mosul akwai masallaci mai sunansa har 2014 da 'yan ISIS suka rushe shi. A Falasɗinu jama'a sun daɗe suna haɗa shi da Halliru, akwai ƙauyen Al-Khadir kusa da Baitalami inda Kirista da Musulmi ke ziyartar coci ɗaya. Shi ne waliyyin Habasha, inda babban kulob ɗin ƙwallon Addis Ababa ke ɗauke da sunansa tun 1935, shi ne na Jojiya da Moscow da Kataloniya. Masu son sasanci a Ingila suna yawan kafa hujja da wannan, suna cewa ai waliyyin ma baƙo ne daga Gabas ta Tsakiya. Hujjar tana da daɗin ji amma ba ta taɓa sauya ra'ayin kowa ba, tunda dama ba a kan waliyyin ake faɗa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ganin Bukayo Saka, ɗan iyaye 'yan Najeriya haifaffen Landan, sanye da rigar ƙasar. Da ya zubar da fenareti a wasan ƙarshe da Italiya a Yuli 2021, shi da Marcus Rashford da Jadon Sancho suka sha zagin wariyar launin fata a intanet. Kwana ɗaya bayan nan jama'a suka lulluɓe hoton Rashford da aka ɓata a bangon wata unguwa a Manchester da takardun ban haƙuri da furanni, har da tutocin Ingila. Ɓangarorin biyu tuta ɗaya suke riƙe da ita. Kuma bikin ranar da ake yi kowace shekara a dandalin Trafalgar, ofishin magajin garin Landan ke shirya shi, wanda tun 2016 Sadiq Khan ke riƙe da shi, Musulmi ɗan direban bas daga Pakistan.

Shawarata ita ce ka duba lokaci da wuri da waɗanda ke tare da tutar. A kan hasumiyar coci ko ginin ƙaramar hukuma, ba ta nufin komai sai Ingila. Lokacin Kofin Duniya ko gasar Turai za ka gan ta a kan tasi da shagon kebab, kuma mai shagon yana iya zama ɗan'uwanka a sahun Juma'a. A tagar gida a sauran lokuta, mai gidan galibi ɗan ƙwallo ne, ko tsohon soja, ko wanda ke jin an manta da shi. Ka gaishe shi kamar kowa. Yanke masa hukunci daga ganin ƙyalle shi ne kuskuren da ya ci kujerar waccan 'yar majalisa. Amma in ka ga gungun maza lulluɓe da ita suna rera waƙa a gaban otal ko masallaci, ko an sanar da maci a tsakiyar gari, ka sauya hanya, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Ko a 23 ga Afrilun 2024 sai da aka yi arangama da 'yan sanda a kusa da Whitehall, unguwar ofisoshin gwamnati a Landan.

Akwai kuma wata matsala mai sauƙi da masu fafutuka ba sa son a faɗa: ko an ba da ranar, ba a san me za a yi da ita ba. Biki yana rayuwa ne da abin da hannu zai yi. A Barcelona, a wannan rana ta 23 ga Afrilu, masoya na musayar fure da littafi, tituna su cika da rumfunan masu sayarwa, kuma ba hutu ba ce a can ma. Daga wannan al'ada UNESCO ta ɗauko Ranar Littafi ta Duniya a 1995. 'Yan Wales na da furensu da gasar waƙa a makarantu ranar 1 ga Maris. A Ingila sai faretin 'yan Sikawut, don wanda ya kafa su, Baden-Powell, ya zaɓi Joj ya zama waliyyinsu, sai rawar gargajiya ta maza masu ƙararrawa a ƙafa wadda su kansu Turawan ke yi wa dariya, sai liyafar ƙungiyar Royal Society of St George da aka kafa a 1894, sai ɗan jan fure a ƙirjin wasu dattawa. Babu abincin ranar, babu waƙar ranar. Ɓangaren ibada kuma ya yi rauni, don a ƙidayar 2021 masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauko zuwa kashi 46, marasa addini sun kai kashi 37. Ba wai mutanen ba su iya taro ba ne. Ka jira 5 ga Nuwamba ka ga wasan wuta, ko Lahadin tunawa da mazan jiya, ko wani bikin gidan sarauta da ake toshe layi a jera tebura. Duk waɗannan da sunan Birtaniya ake yin su, ko da sunan unguwa.

Batun hutu yana tasowa kusan kowace shekara. Ingila da Wales na da ranakun hutun hukuma 8, Sikotlan 9, Ayalan ta Arewa 10, kuma ba wanda ke ƙin ƙarin kwana ɗaya a gida, don haka ƙuri'un jin ra'ayi kan nuna goyon baya, wanda ba lallai ne ya zama son waliyyi ba. A 2011 gwamnatin David Cameron ta yi tunanin ɗauke hutun farkon Mayu ta mayar da shi 23 ga Afrilu ko wata rana a Oktoba, ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi, maganar ta mutu. A zaɓen 2017 Jeremy Corbyn, jagoran Leba a lokacin, wanda ba a san shi da ɗaga tuta ba, ya yi alƙawarin hutu huɗu, ɗaya ga kowane waliyyi, bai ci zaɓe ba. Amsar baitulmali ba ta sauyawa: lissafin gwamnati na ƙarin hutun da aka bayar a 2022 don cikar Sarauniya shekara 70 a kan mulki ya haura fam biliyan 2. Ga shi ranar ta faɗo a matsattsen wuri, tsakanin hutun Ista da na farkon Mayu. Wales ma, wadda majalisarta ta nemi a ba ta hutun ranar waliyyinta David tun shekara ta 2000, har yanzu Landan ba ta amince ba, kuma ba yadda za a ba ɗaya a hana ɗaya.

Kusancin da Ista yana da wata illar. A ƙa'idar coci, idan 23 ga Afrilu ta faɗo a makon da ke gaban Ista ko wanda ke bayanta, ɗage bikin ake yi. A 2025 Ista ta kama 20 ga wata, sai Cocin Ingila ya mayar da ranar Joj zuwa Litinin 28 ga Afrilu. 'Yan siyasa na gwamnati da na adawa, har da waɗanda suka fi kowa kukan an yi watsi da al'adun Kirista, ranar Laraba 23 suka fitar da saƙonnin taya murna.